Kwale-kwalen da Aka Ɗaure a Tudu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Wannan takarda ta fito daga hannun Malam Fannami, limamin Tudun Kanya ta ƙasar Kirikasamma, wanda ya ɗora maka allo a cinya tun ba ka iya ɗaure wando ba, zuwa ga ɗalibinsa Bakari ɗan Bunu, mai awon gyaɗa a Fagge ta Kano. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka Sakinatu. Mu nan sai godiya. Idona dai ya ƙara dushewa, shi ya sa wani ɗalibi ke riƙe min alƙalami. In ka ga rubutun kamar kaza ta taka tawada, kada ka zarge ni. Ruwa ya fara ja da baya, an yanke 'yar shinkafar da ambaliya ta bari. Gwaggonka Gumsu tana fama da ƙafa, amma bakinta lafiya lau.

Bayan haka, magana ce a kan ɗanta Kolo, taubashinka. Na san da jin sunan ka ɗaure fuska. Sake ta. Ban manta ba ka rantse duk takardar da ta fito daga gare shi da ita za ka hura wuta, tun lokacin da ya aika maka cewa kawunka ya ba ka goɗiya, ka sayi linzami a Kurmi, ka hau jirgin ƙasa har Birniwa da babbar riga, ka zo ka tarar da jaka mai ɗingishi. Ni ma ban ji daɗi ba. Na yi masa faɗa sosai, ko da yake in za a faɗi gaskiya linzamin ya yi wa jakar kyau.

Ga abin da ya faru. Ka san yadda masuntanmu ke yi: damina a tudu, in ruwa ya ja a gangara bakin tafki a kafa bukka, a yi su, a yi banda. Bara ruwa ya cinye gonar Gumsu, ba abin da za su hau su tarar, sai ita da Kolo suka yi zamansu a bukka har bazara. Bukkar kuwa a ƙasar Kwarin Baƙo take. Nan malamin ƙidaya ya same su. Ya ce Kolo ya ɗaga hannu, ya leƙa hammata ya ga gashi, ya rubuta shi cikin mazan Kwari. A nan Tudu kuwa, tun da ubansa ya rasu aka sa sunan ɗan a gurbinsa. Wuya ɗaya ke nan, igiya biyu.

Da lokacin haraji ya yi, Bulama Gwadabe, mai garin Kwari, ya riga zuwa. Gumsu ta sayar da bandar da ta tara, aka biya, aka karɓi rasit. Ba a jima ba Bulama Ari na Tudu ya aiko a kawo nasa. Kolo ya kai masa rasit. Ari ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan takardar Gwadabe ce, ba ta cika jakarsa. Ya ce an yanka wa Tudu abin da za ta kai Haɗeja bisa kawunan da aka ƙirga, in kai ɗaya ya ɓace, daga rumbunsa za a cike. Da aka ce babu, ya sa aka kama kwale-kwalen gidan a matsayin jingina.

Ka san jirgin. Na maɗaci ne, wanda marigayi baban Kolo ya yi shekaru yana tara kuɗinsa. Samarin Ari suka sa igiya suka jawo shi daga ruwa, suka gungura shi bisa itatuwa har ƙofar gidan Bulama, wai kada mutanen Kwari su kwance shi su gudu da shi. Yana nan ɗaure a gindin kanya kamar jakin da ya ci gonar wani.

Za ka ce a kai ƙara. Wa za a kai, wurin wa? In aka je gaban Hakimi an kunyata Bulama biyu a rana guda, kuma yaron nan a ƙasar ɗaya yake kwana, a ruwan ɗaya yake ci. Baturen rangadi kuwa, kafin ya zo ya ji ta bakin tafinta, kifin bana ya tsufa. Abin sulhu ne. Ari da Gwadabe ba sa zama tabarma ɗaya tun rigimar makiyaya, sai an sami wanda duka biyun za su ji nauyinsa. Na duba gabas da yamma ban ga kowa ba sai kai: Ari kawunka ne, Gwadabe surukinka. Ka zo ka zaunar da su.

Kolo yaro ne mai hankali, ga kyan gani, ga ladabi, ya fi wasu da ke Kano suna shaƙar ƙurar buhu. Kada ka bar shi. Ka ba Bala mai fataucin banda amsa, shi ya kawo wannan, kuma hannunsa kawai za ka ba, kada ka aiko ta wani. Allah ya yi maka albarka. Wasalam.

*

Daga ɗalibinka Bakari zuwa ga babanmu Malam Fannami. Gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, da durƙusawa, da neman albarka. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara lafiya, ya haskaka ido. Takardarka ta same ni a bakin sikeli, na wanke hannu kafin na buɗe. Ni da Sakinatu lafiya, sai dai ita laulayi ya sa ta gaba, muna sa rai in Allah ya yarda. A gai da Gwaggo da ƙafa.

Malam, na karanta na fahimta. Na san irinku ba sa buɗe baki su ce a kawo kuɗi, sai su kewaya. Wallahi da ina da su da na ƙulle a gefen takardar nan. Amma Bakwaren nan, Balaraben da muke wa aiki, ba ya sallamarmu sai an rufe cinikin gyaɗa, abin da yake ba mu yanzu na tuwo ne. Mutanen gida suna jin Kano sai su ɗauka a titi ake tsintar sule. In an rufe ciniki zan aiko da abin da ya samu a kai wa Kawu Ari. A ce masa ya yi haƙuri ya riƙe jirgin zuwa lokacin. Ai itace ne, ba ya cin dusa, ba ya gudu.

Sannan, Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa, amma a bincika. Kai da kanka ka ce ido ya yi rauni. Ka aika wani mai gani ya tabbatar jirgin yana ƙofar gidan Kawu? Kolon da na sani zai iya tura shi cikin ciyawa ya rufe, ya zo gabanka yana matse ido, don kawai in sake hawa jirgin ƙasa garin ya yi dariya. Har yau in na bi ta Kurmi mai linzamin yana tambayata lafiyar goɗiya.

Na ga kuma an rubuta wai yana da hankali da ladabi da kyan gani. Na maimaita wurin har na kira maƙwabcina ya duba min. Ko dai ɗalibin da ke riƙe maka alƙalami abokinsa ne yana ƙara gishiri, ko kuwa akwai wani Kolo a garin da ban sani ba.

Ga goro na ba Bala ya kawo maka, da man zafi na Gwaggo. A sa mu a addu'a. Wasalam.

*

Daga Malam Fannami zuwa ga Bakari. Gaisuwa da sa albarka. Goro ya iso, Allah ya saka. Man zafi ma ya iso, Gumsu ta shafa ta ce ƙafar tana nan yadda take amma yanzu tana ƙamshin Kano. Mun yi murna da labarin Sakinatu, Allah ya raba lafiya, ya sa ɗan ya ɗauko hancin uwarsa.

Bakari, na koya maka karatu amma ban koya maka ji ba. Wa ya ce maka kuɗi? Ƙafarka na nema, da bakinka.

Ka ce itace ne ba ya gudu. Kano ta cinye ka. Kai da aka haifa a bakin ruwa ka manta jirgi ba ya kwana a tudu? Tun da aka sassaƙa shi cikinsa bai taɓa bushewa ba. In ya bar ruwa rana ta dafa shi, iska ta bi ta kansa, sai ya fara buɗe baki. Kawunka manomi ne, kakanninsa manoma, jinginar da ya sani ita ce jaki da akuya da tukunyar ƙarfe. Ya sa an yi wa jirgin rumfar zana, ya sa baransa gadi kada awaki su hau. A ganinsa ya riƙe amana.

Kolo ya je ya durƙusa ya ce a mayar da shi ruwa, ko a kududdufin bayan gari ne, a ɗaure da sarƙa in ana tsoro. Fadar Bulama ta fashe da dariya. Wani ya ce ai wannan ne ya sa Bakari sayen linzami, yau kuma wai itace ke jin ƙishirwa. Ari ma ya murmusa ya ce, "Ɗan Gumsu, wannan karon ba za ka hau ni ba."

Sai yaron ya koma ɗibar ruwa. Safe da yamma yana hawa da tulu daga rijiya, ya kwarara a cikin jirgin, ya jiƙa buhu ya shimfiɗa a bayansa. Yara suna binsa suna cewa ga mai shayar da doki. Shi ma yana taya su, yana cewa dokin nasa ba ya harbi. Ana haka uwargidan Ari ta ce ba ruwa ba ne yake zubawa, rubutu ne, so yake rawanin mijinta ya faɗi. Daga ranar aka hana shi matsowa. Gumsu ta ɗauki tulun da kanta, da ƙafar nan tata, ta hau tudun. Baran ya gaishe ta da ladabi, ya sauke mata tulun, ya ba awaki.

Jiya Kolo ya wuce ta wurin kamar mai zuwa kasuwa, ya saci kallo. Akwai tsaga a goshin jirgin, siririya kamar gashi.

Yanzu a kan gora yake su, irin na kakanni: ya kifa cikinsa a kan ƙatuwar ƙwarya yana iyo da ƙafa, da 'yar koma a hannu. Abin da yake kamowa na miya ne, ba na banda ba. Masu jirage suna wuce shi da taru suna yi masa sannu. Babban su na tafkin Kwari bayan Salla ne, kuma ka san abin da gida ya kama a wannan su shi yake ci har damina. In ranar ta zo ba jirgi, ban san abin da zan gaya maka ba.

Ka ce in aika mai gani. Na aika, wanda ya fi kowa ganin jirgin nan. Yana nan inda na ce. Yaron yana da hali, na sani, ya sha jawo wa kansa. Amma ka taɓa jin ya yi wasa da abin ubansa?

Ka roƙi Bakwarenka kwana kaɗan. Ka ce kakarka ta rasu, ai ta rasu ɗin, ba ƙarya ka yi ba. Ka zo. Wasalam.

*

Daga Bakari zuwa ga babanmu Malam Fannami, gaisuwa da neman gafara. Allah ya sa wannan ta same ka cikin lafiya. Na san an daɗe ana duban hanya. Ba ni na riƙe amsa ba: zazzaɓi ya kwantar da Bala a masaukinsa, bai kawo min takardarka ba sai da ya miƙe, sannan ya tsaya sai ya karɓi kuɗin kifinsa. Azumi ya same mu lafiya, Sakinatu ta sami sauƙi.

Malam, na karanta na kasa cin abinci. Na ji kunya da na ce itace ne. Na sani, wallahi na sani, mantawa na yi.

Na je wurin Bakwaren. Bai bar ni na gama ba ya nuna min mutanen da ke zaune a bakin ƙofa suna jiran wani ya tashi daga sikeli su zauna. Ya ce in na tafi in tafi da tabarmata. Ga mace da ciki, ga kuɗin ɗaki.

Amma ko da ya bar ni, Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ya ɗaure min kai a maganarka, don ka fi ni saninsa. Yaya zan zaunar da Baba Gwadabe? Mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a hanya sai in cire takalmi in ratse. Ni ne zan dube shi in ce ya fito da abin da ya karɓa? Kawu Ari kuwa shi ya yi min kaciya, shi ya biya sadakina. In na zauna tsakaninsu kaina a ƙasa zai kasance har a tashi, in na buɗe baki na ɓata da ɗaya har abada. Zumuncin da ka ga ya haɗa ni da su, shi ne ya ɗinke min baki.

Na kwana ina juyi, sai na ga muna neman wuta ga ta a murhunmu. Wa ya fi ka? Kai ka yi wa 'ya'yan Ari suna, kai ka wanke mahaifin Baba Gwadabe. In ka shimfiɗa buzu ka ce su zo, wa zai ƙi? Na san kawaici ne ya sa ka nemi wani ya fara. To na fara. Na rubuta wa Kawu Ari takarda daban, na ba Bala, na ce Malam Fannami ya rubuto min sau biyu a kan jirgin nan, ransa ya ɓaci, yana son ya zaunar da shi da Bulaman Kwari, ya je ya same ka ku sa rana. Sakinatu ma ta aika wa babanta haka ta bakin Bala. Ka gafarce ni in na yi gaba da kai.

Wata magana kuma, tsakanina da kai. Ranar da na fara barin gida ruwa ya rufe hanyar Birniwa. Baban Kolo ne ya ɗauke ni a jirgin nan, ya yini yana tuƙi, Kolo yana ƙarami a goshin jirgin yana kwaikwayon yadda nake kuka. Da muka isa na miƙa masa abin da ke hannuna, ya ce in mayar, ɗan Bunu ba ya biyan kuɗin fito. A Kano kowa "Malam Bakari" yake ce min, ba mai tsokanata, ba wanda ya san ni da har zai yi min ƙarya in hau. Wani lokaci ina awo sai in tuna jakar nan da linzami in yi ta dariya ni kaɗai, leburori suna kallona. Kada ka gaya masa. In ya ji, na shiga uku har in mutu.

A yi mana addu'a. Wasalam.

*

Daga Malam Fannami zuwa ga Bakari. Gaisuwa, da barka da Salla, da fatan kun yi ta lafiya kai da mai ɗakinka. Mu nan mun yi ta. Ƙafar Gumsu da sauƙi.

An yi zaman. Ranar Juma'a bayan an sauko, a zaurena. Ari ya zo da mutanensa, Gwadabe ya hau daga Kwari da nasa, kowa ya zauna yana duban bango daban. Aka sa Kolo a bakin ƙofa wajen takalma.

Ari ya fara. Ya ce shi bai ƙi ɗan Gumsu ba, ubansa abokinsa ne. Amma bara da ruwa ya ci gonaki gidaje da yawa sun watse, ba a rage wa Tudu ko ƙwandala ba, sai da ya sayar da sansa ya cike. Bana ba shi da sa. In ya je Haɗeja da jaka ba cika ba, a rana za a zaunar da shi, wataƙila ya dawo ba rawani. Gwadabe ya ce shi bai roƙi a rubuta masa yaron ba, malamin ƙidaya ne ya rubuta, kuma tun da aka rubuta sai ya biya. Abin da ya karɓa ya riga ya shiga baitulmali, wanda ya taɓa ganin abu ya shiga can ya fito ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga.

Ka ga, Bakari, an zo neman azzalumi a zauren an rasa. Kowa da igiya a wuyansa, kuma bakin igiyar yana can inda ba mai zuwa.

Aka yi ta ja har la'asar. Daga ƙarshe aka tsaya a kan haka: Gwadabe zai ba Ari rabin harajin daga shinkafarsa, tun da a ƙasarsa aka yi kuskuren. Kolo zai cika rabin da kifi bayan babban su. In malamin ƙidaya ya dawo, Bulama biyu za su tsaya tare su ce a goge sunan daga Kwari. Jirgi kuwa a sake shi a ranar. Aka shafa fatiha. Ari da Gwadabe suka yi musafaha, har wani tsoho ya yi kuka.

Samarin da suka hau da shi su suka gangara da shi, da waƙa. Da aka yaye buhunan da suka bushe a kansa sai waƙar ta tsaya. Tsagar ta tashi daga goshi ta bi ciki har wajen mazaunin mai tuƙi, a wani wurin yatsa yana shiga. Wani ya ce in ya sha ruwa zai haɗe. Aka tura shi. Na shiga na kama sandar tuƙi, ban kai tsawon taru daga gaɓa ba ruwa ya rufe min idon sawu, na sa ƙwarya ina kwalfewa yana shigowa, ina kwalfewa yana shigowa, har ya zauna a ƙasa da ni a ciki.

To. Ka ga alƙalami ya yi tuntuɓe. Malam Fannami bai shiga jirgi ba, rabonsa da bakin ruwa tun kafin idonsa ya tafi.

Bari in ƙarasa maka, sannan ka hura wutar. Ari yana tsaye a gaɓa. Ya dubi jirgin ya ce, "Na yi masa rumfa fa." Sannan ya juyo wurina. Ya ce ya yafe rabin da ke kaina. Gwadabe ya ce ba a yafe abin da ba naka ba, Haɗeja ba ta san rumfa ba. Gaskiya ya faɗa. Rabin yana nan, za a biya da kifin da za a kama da jirgin da ke kwance a ƙasan ruwa. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce a jawo shi a bar shi cikin ruwa, ko ba komai ya sha ya ƙoshi. An yi babban su shekaranjiya. Na shiga a kan gora.

Malam bai san da takarda ko ɗaya ba sai ranar da kawunka ya yi sallama a zaurensa ya ce masa, "Bakari ya ce ka rubuta masa sau biyu." Ina zaune a wurin ina yi wa Malam fifita. Malam ya gyara zama. Sai ya ce, "Haka ne. Ku zo ran Juma'a." Da Ari ya fita ya miƙo hannu yana lalube har ya kama kunnena, bai murɗa ba, riƙewa kawai ya yi. Ya ce me ya hana ni zuwa wurinsa tun farko, ga shi kusa. Na ce na ga ko Bulama bai yarda da ni ba, kuma shi ma na taɓa sa masa kwaɗo a buta. Ya ce da na zo ranar da aka ja jirgin, da a ranar zai aika a mayar da shi ruwa, don shi ɗan masunta ne ta wajen uwa. Wannan maganar ita ce ke hana ni barci, ba tsagar ba. Na aika Kano neman abin da ke bayan katangarmu, jirgin yana bushewa ina jiran Bala.

Sharaɗin Malam ɗaya, in rubuta maka da sunana. Ka ga sai da na kusa cinye takardar kafin na iya. Goronka ya isa hannunsa, ban da waɗanda suka faɗa bakina a hanya.

Masu gyara sun duba, sun ce in an sami garwar kananzir a buɗe ta a shimfiɗa, da ƙananan ƙusoshi, da kwalta, wataƙila ya yi fito a ruwa marar zurfi. Taru dai ya gama ɗauka. A nan ba garwar da ba ta da mai ita. In kana da wadda ka gama da ita ka ba Bala. Ka ɗauka kuɗin sharata ne na bana, tun da kai ɗan namiji ne ni ɗan mace, dole ka ba bawanka. In kuma ka ce wannan ma goɗiya ce, ba ni da abin da zan rantse da shi wanda ban riga na ɓatar ba.

Ka ce kada a gaya wa Kolo maganar ranar da Baba ya kai ka Birniwa. Ba wanda ya gaya masa. Shi ya karanta da kansa, a bakin ruwa, kuma bai yi dariya ba.

Ni ne na rubuta ta farko, ni na rubuta ta biyu, ni na rubuta wannan. Ba liman, ba ɗalibi mai riƙe alƙalami. Taubashinka ne, mai hankali, mai ladabi, mai kyan gani,

Kolo ɗan Gumsu.